Yadda ake ƙirƙiro makaman taɓaɓɓen masani a wasan labari na kan tebur

Ga tambayar da ka aiko a taƙaice: kana jagorantar wasan labari na kan tebur da abokanka, irin wanda kowa ke riƙe da jarumi guda, kai kana jan zaren labari, dayis kuma yana yanke hukunci. Mugun labarin naka wani taɓaɓɓen masanin kimiyya ne, amma duk makamin da ka ƙirƙiro masa sai ya ƙare a bindiga mai fitar da haske wadda ta fi sauran bindigogi ɓarna. Tun da 'yan wasanka suka ƙwace ɗaya daga hannunsa kuwa, babu abokin gabar da ke iya tsaya musu. Kana neman sababbin makamai, da kuma hanyar ƙirƙiro su da kanka.

Ƙanena, matsalar tana inda kake farawa. Kana farawa da tambayar ɓarna nawa makamin zai yi, kuma wannan tambayar amsarta lamba ce kawai, ko dai babba ko ƙarama. Ni lambar ɓarna ita nake rubutawa a ƙarshe. Abin da nake fara nema shi ne mutumin da ya ƙera abin: wane tunani ne ya shiga kansa ya ƙi fita, kuma ta wace hanya wannan tunanin zai juyo ya ci mai riƙe da makamin. In ka samu waɗannan biyun, sauran aikin na minti goma ne.

Ba sai ka matsa wa ƙwaƙwalwarka ba, domin tarihi ya riga ya yi maka rabin aikin. A watan Janairun 1942 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Lytle Adams ya aika wa fadar shugaban ƙasa shawara. Ya ce gidajen biranen Japan yawanci na katako ne da takarda. Jemage kuma in gari ya waye yana neman rufin gida ya maƙale. Yana iya tashi da kaya masu ɗan nauyi, kuma in an sanyaya shi sai ya yi barci mai nauyi, a loda shi kamar kaya ba ya motsi. Saboda haka a ɗaura wa jemagu 'yan ƙananan abubuwan tada gobara, a zuba su cikin wani kwanso mai ɗaukar fiye da 1,000, a sako shi daga jirgi da lema. Gwamnati ta karɓa, aka kashe kuɗi, aka yi gwaji. A watan Mayun 1943, a wani filin jirgin soja da ke Carlsbad a jihar New Mexico, wasu jemagun da aka riga aka ɗaura wa kaya suka farka tun lokaci bai yi ba, suka tsere, suka yi ainihin abin da aka tsara za su yi: suka nemi gine-gine mafi kusa suka maƙale. Filin jirgin sojan Amurka ne ya kama da wuta. A 1944 aka soke shirin.

Dubi wannan labarin da kyau, domin duk abin da kake nema yana ciki. Kowane mataki na tunanin likitan yana da hujja, ba ka iya nuna inda ya yi ƙarya. Haukar tana cikin jimillar. Kuma ranar da abin ya lalace, bai lalace don wani ƙarfe ya tsinke ba. Ya yi aikinsa ne daidai, sai dai a inda ba a so. Haka ake ba da labarin karnukan da sojan Tarayyar Sobiyat suka horar a 1941 su shiga ƙarƙashin tankokin yaƙi ɗauke da nakiya: da tankokin gida masu shan dizal aka horar da su, na Jamus kuwa fetur suke sha, to da aka sake su a fagen fama wasu sai suka bi warin da suka saba da shi. Ingila ma ta yi nata a 1943, wato Panjandrum, tayoyi biyu kowace mai tsayin kusan mita 3, da gangar nakiya a tsakiya, da rokoki jere a jikin tayoyin don su tura shi ya fasa katangar da Jamus ta gina a gaɓar teku. Muddin rokokin gefe ɗaya suka fi na ɗaya gefen ƙarfi, sai abin ya karkata. A gwajin ƙarshe, cikin Janairun 1944, manyan hafsoshin da suka zo kallo sai da suka ranta a na kare.

To bari mu ƙera ɗaya tare, ka ga yadda hanyar take.

Masaninmu, a ce, tsohon maƙerin bindiga ne da dukan bindiga ya gurɗe masa kafaɗa tun yana saurayi. Ya ƙudura sai ya yi bindigar da ba ta dukan mai harbi. Shekara da shekaru yana fama, ya kasa, domin ka'ida ce: duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba sai kwatankwacinsa ya dawo baya. Da ya ga ba ya iya kashe dukan, sai ya gano yadda zai jinkirta shi. Bindigarsa tana harbi da ƙarfin igwa, hannunka ko girgiza ba ya yi. Dukan yana nan, yana tafe, ba ka san ranar ba. Shi yana kiranta da wani dogon suna mai cike da alfahari, yaransa kuwa Bindigar Bashi suke ce mata.

A kan tebur ga yadda nake tafiyar da ita. Ka ajiye kwano a gaban ɗan wasan da ke riƙe da ita. Duk harbin da ya yi, ka jefa ƙwayar wake ɗaya a kwanon, a gaban kowa. Ɓarnarta ka ninka ta bindigar da ta fi kowace a wasanku, kada ka yi rowa, domin in ba ta da daɗin harbi babu mai ɗaukar bashin. Sannan a farkon kowane sabon fage, ba lokacin faɗa kaɗai ba, ɗan wasan ya jefa dayis mai fuska 6. In ya fito da lambar da ta yi daidai da yawan waken ko ta gaza shi, bashin ya zo gaba ɗaya: kowane wake taku biyu ne na jifa da baya da rauni gwargwado, sai a juye kwanon. Wanda ya yi harbi ɗaya yana iya kwana biyu lafiya. Wanda ya yi shida ya san cewa da an buɗe fage na gaba zai tashi sama. Abin daɗin shi ne fagen na gaba yana iya zama gaban sarki ana gaisuwa, ko kan siririyar gada, ko cikin kwalekwale, ko lokacin da suke laɓe a bayan labule suna sauraron sirri.

Kuma ka zuba ido, 'yan wasa za su fi ka wayo. Wani zai ce a ɗaure shi a jikin bishiya kafin a shiga gari. Wani zai jingina bayansa da ƙofar kurkuku yana jiran dukan ya zo ya ɓalle ta. Wani zai tambaya, in na ba wa wani bindigar, bashin yana bin bindiga ne ko yana bin mai harbi? Ka yanke amsa ɗaya tun kafin a tambaye ka, ka tsaya a kanta. Ni nakan ce yana bin wanda ya danna kunama, saboda hakan yana ba su damar yaudarar maƙiyi ya yi harbi shida a banza. Kimiyyar bogi ba ta bukatar ta zama gaskiya, amma dokarta guda ɗaya kada ta canza daga zama zuwa zama. Ranar da ka canza ta don ka hana su wata dabara, daga ranar sun daina tunani a kan makamanka.

Yanzu lissafi, wanda a nan ne jagorori da yawa ke tuntuɓe. An saba cewa makami yana lalacewa in dayis mai fuska 20 ya ba da 1. Wannan kashi 5 ne cikin 100 a kowane harbi. A harbi 10, yiwuwar a samu matsala ko sau ɗaya kusan kashi 40 ce cikin 100. Ma'ana mutum zai iya shafe zama biyu ko uku bai ga komai ba, kuma babu abin da zai yi ya rage haɗarin ko ya ƙara shi, don haka ba ya ma tunaninsa. Wasu kuma sukan zarce su ce 1 a dayis mai fuska 6. Wannan a harbi 4 kacal ya haura kashi 50 cikin 100, sai 'yan wasa su jefa makamin a jaka su koma wa takubbansu. Duka biyun aibinsu ɗaya: sa'a ce tsagwaronta, babu zaɓi a hannun ɗan wasa.

Abin da na fi so shi ne haɗari mai hawa. Harbin farko yana lalacewa a kan 1 cikin 20, na biyu a kan 1 zuwa 3, na uku 1 zuwa 5, na huɗu 1 zuwa 7, kuma in an bar makamin ya huce zagaye guda sai ya sauko mataki ɗaya. Da wannan tsarin, wanda ya jera harbi uku yana da kusan kashi 39 cikin 100 na gamuwa da matsala, wanda ya jera huɗu kuwa kusan 61. Harbin farko kusan kyauta ne, na biyu ciniki ne, daga na uku caca ce, kuma ɗan wasa yana gani da idonsa. Lokacin da dodo ya rage saura ƙiris, abokai suna ihu wani na cewa harba wani na cewa bari ta huce, a nan makamin ya biya kuɗinsa. Bindigar hasken da ke hannun 'yan wasanka ma wannan ne maganinta. Kada ka ƙwace ta, kada ka sa a sace ta cikin dare, za su ji ka yi musu zalunci, kuma gaskiyarsu. Ka sa su tsinci littafin ajiyar bayanan masanin, su karanta cewa yana canza wani ƙarfe a cikinta bayan kowane harbi ashirin, kuma su sun wuce ashirin tuni. Daga ranar ta hau tsarin haɗari mai hawa, sai kuma neman ƙarfen ya zama tafiya mai zaman kanta.

Sai abin da ke faruwa in matsalar ta zo. Amsoshi biyu ne na hana kaina. Ta farko, "bindigar ba ta tashi ba", wadda ke cinye wa mutum zagayensa ba tare da ta ƙara wa labari komai ba. Ta biyu, "ta fashe, ka mutu". Wasan Paranoia, wanda ya fito a 1984, yana yin wannan da gangan: ana miƙa wa jarumai makaman gwaji ba tare da cikakken bayani ba, su tarwatse da su, kowa ya yi dariya. Amma a can kowane ɗan wasa yana da kwafin jaruminsa har shida, mutuwa ba ta da tsada. A teburinka, inda mutum ya yi wata shida yana renon jarumi guda, wannan ba abin dariya ba ne. Tsarin wasan Deadlands na 1996 ya fi dacewa a ara: lalacewa mataki uku ce, ƙarama da babba da bala'i. Abin da zan ƙara kawai shi ne duka ukun su fito daga tunanin mai ƙirar, kamar yadda gobarar Carlsbad ta fito daga halin jemage.

Misali Tulun Tsawa. Tushensa gaskiya ne: a 1745 da 1746 masana a Turai suka gano yadda ake tara wutar lantarki a cikin kwalba, wadda ta ɗauki sunan birnin Leiden na ƙasar Holan, har wani malamin Faransa mai suna Nollet ya jera sojojin fada 180 riƙe da hannun juna a gaban sarki, ya sakar musu ita, suka zabura lokaci guda. Masaninmu ya yi imani tsawa ruwa ce da ake iya ɗiba a adana. Tulunsa goyo ake yi a baya, mutum na biyu yana juya marfi zagaye biyu kafin ya cika, kuma wutar tana tsallakawa daga wanda ta sama zuwa duk wanda ke taɓa shi ko ke tsaye cikin ruwa ɗaya da shi. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mayafi ke tartsatsi cikin duhu, ƙarfinsa ninki ne. Da damina da ƙyar yake kashe kaza. Ƙaramar matsala: wutar ta kauce ta bi ƙarfe mafi kusa, ko da takobin abokinka ne. Babba: mai goyon tulun ya zama shi ne tulun, duk wanda ya taɓa kafin dare sai ya faɗi, har da mai yi masa magani. Bala'i: tulun ya fara kiran 'yar'uwarsa daga sama, hadari ya haɗu a kan inda yake, kuma saura zagaye uku. Ka lura ko bala'in ma ya bar musu zagaye uku. A cikinsu za su iya gudu, za su iya jefa tulun cikin rijiya, za su iya ruga da shi cikin sansanin maƙiya.

Irin na halittu ba ya bukatar dogon bayani. Kwandon gara da aka horar ta cinye katako cikin minti biyar: ƙofa, gada, gindin bindiga, ƙasan jirgin ruwa. Masanin da ƙamshin wani turare ya horar da ita, inda aka shafa nan take bi. Shi kuma turaren, tsohuwar matarsa ce ke sayar da shi a kasuwa, rabin garin suna shafawa.

Akwai tambayar da wani ɗan wasa mai kaifin kai zai yi maka ko ba jima ko ba daɗe: in makamin nan yana da ƙarfi haka, me ya hana sarki ya sa a ƙera dubu? Ka tanadi amsa. Wutar da Rumawan Gabas suka riƙa fesa wa jiragen ruwa tun wajen shekarar 672, wadda ake danganta wa wani mai suna Kallinikos da ya gudo daga Sham, an tsare sirrinta a hannun mutane ƙalilan har ya ɓace, yau babu wanda ya san haɗinta na ainihi. To masaninka ma haka: ba ya rubuta komai cikakke, ba ya yarda da kowa, ko kuma shi kansa bai san dalilin da ya sa na farkon ya yi aiki ba, na biyu da na uku duk sun ƙi. Wannan na ƙarshen ya fi min daɗi, domin yana mayar da shi mutum mai tsoro, wanda zai bi 'yan wasanka har bangon duniya don ya karɓi abinsa.

Hasken kisa kuwa, wanda ka fara da shi, ni a ganina shi ne mafi raunin duk makaman wannan fanni, saboda ba shi da hali: ka nuna, ka danna, mutum ya faɗi. Amma tarihinsa yana da abin ɗauka. A 1924 Harry Grindell Matthews ya cika jaridun Ingila da iƙirarin ya ƙera shi, bai taɓa gamsar da gwamnati ba. A 1934 Nikola Tesla ya ce nasa zai kakkaɓo jirage 10,000 daga nisan mil 250, ya rasu a 1943 ba wanda ya ga na'urar. Ma'aikatar sojan sama ta Ingila har ta sa ladar fam 1,000 ga duk wanda ya kashe tunkiya da haske daga nisan yadi 100, ba wanda ya ci. A farkon 1935 ta tambayi wani masanin rediyo mai suna Robert Watson-Watt ko abin zai yiwu da igiyar rediyo. Mataimakinsa Arnold Wilkins ya yi lissafi ya ce ba zai yiwu ba, amma igiyar za ta iya dukan jirgi ta dawo, a gane inda yake. A watan Fabrairun shekarar aka gwada a kusa da garin Daventry, daga nan na'urar hango jirage ta Ingila ta samo asali. Saboda haka kowane makami da na rubuta, ina ɓoye masa amfani na biyu da mai ƙirar bai lura da shi ba saboda idonsa na kan kisa. Hasken da ya kasa kashe tunkiya wataƙila yana nuna abin da ke bayan bango, ko yana sa duk wanda ya haska ya kasa yin ƙarya na minti ɗaya. Ba na faɗa wa 'yan wasa. Ina sa alamar a cikin bayanin abin da suka gani sau biyu ko uku, in bar su.

Game da babban makamin ƙarshen labari, kada ka rubuta shi a matsayin kayan da ake ɗauka. Ka rubuta shi a matsayin wuri. Igwar Gustav da kamfanin Krupp ya ƙera wa Jamus tana da baki mai faɗin santimita 80, nauyinta kusan tan 1,350, harsashinta guda ya kai tan 7. Sai an shimfiɗa mata layin dogo biyu jere, kuma ba ta iya juya baki hagu ko dama sai dai a tura ta gaba ko baya a kan layi mai lanƙwasa. Dubban mutane suka yi aikin shirya mata wuri don ta harbi birnin Sevastopol na Tarayyar Sobiyat a 1942, tsakanin harbi da harbi akan ɗauki rabin sa'a ko fiye, kuma duk abin da ta harba a can bai kai harsashi 50 ba. Makami irin wannan yana da ma'aikata masu jin yunwa, da mai dafa musu abinci, da ɗakin ajiyar harsasai, da injiniyan da aka tilasta wa aiki, da layin dogon da in an kwance ƙusoshi goma a lanƙwasarsa bakin igwar zai kalli wani wuri dabam. Ka zana taswirarsa hawa uku, ka sa agogo a kan tebur mai nuna saura minti talatin a yi harbi na gaba, ka faɗa musu garin da bakin yake kallo, sannan ka tambaye su ta wace ƙofa za su shiga.